Kalwar Inna

A wani ƙauye can da daɗewa, an yi wata mata mai daddawa. Da sana'ar take ciyar da 'ya'yanta mata biyu.

In suka ce, "Inna, kawo mu surfa kalwar," sai ta ce, "Ku bari, ba ku iya ba." In suka zo dafawa, amsar ke nan.

Wata rana ta dafa kalwar shekara duka ta rufe, sai zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar buɗewa ta ce, "Ku kirɓa ta, ku shanya."

Suka sunkuyar da kai. "Inna, ba mu iya ba."

Kafin ta warke, kalwar ta yi tsutsa. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta miƙa wa babbar 'yarta taɓarya.

"Riƙe nan. Baɗi ke za ki fara."