Shekarar da Dankali Ya Ruɓe

"Jirgin ruwan kudu zai tashi daga birnin Castro ran Alhamis, Eduvina. Daga shi babu wani sai hunturu ya wuce."

Ban ɗago ba. Teku ta janye, ina duƙe a cikin taɓo ina tonon ƙumba, yatsuna sun sandare. Belarmino na tsaye a kaina. Shekara biyu ke nan muna tare, duk tsibirin an san ni ce tasa.

"Na ji," na ce.

"Kin ji kawai? An ba ni aiki a gidan kiwon tumaki can kudu, har da ɗaki. Jibi babanki zai kai jirginsa Castro sayo fulawa. Mu bi shi, a ɗaura mana aure a can, mu wuce. Me ya rage a nan, abar ƙaunata? Dankali ya ruɓe tun yana ƙasa..."

"Baba ya rage."

"Babanki, Don Aniceto? Ai ya fi ni ƙarfi."

Sai hawaye suka zubo min. Na yi wa Baba alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, amma maganar ta yi min nauyi.

"Ba ya gani, Belarmino. Yanar ido ta kama shi tun bara. Duk fitar da muka yi da rani, ni nake zama kusa da shi ina raɗa masa inda duwatsu suke."

Ya durƙusa a cikin taɓon, bai damu da wandonsa ba.

"Kuma zai tsallaka da mutum uku a wannan iska?"

"Ya ce ba ya ɗaukar mace a hunturu. Ya ce ƙafarsa ta san ruwan."

Ya daɗe yana kallon teku. Ta yi baƙi ƙirin, ko tsuntsu ɗaya babu a samanta.

A shekarar nan gidaje goma sha huɗu ne a tsibirinmu, kuma jirgin da zai iya tsallakawa ɗaya ne, na Baba. Mata sun kwashe wata biyu suna saƙa barguna a bakin murhu, maza suna bandar kifi, don a kai birni a musanyo fulawa. Yara sun fara kumburin ciki. Wasu gidajen ciyawar teku kawai ake dafawa.

Na roƙi Baba a gida, yana gyaran igiya da lalube.

"Baba, ka bar wani ya tuƙa."

"Shekara arba'in ina tsallaka ruwan nan, 'yar nan. Ran da aka san ba na gani, ran nan na zama kayan ɗaki."

"Ran mutum uku ne a hannunka."

"Kin yi alkawari, Vina."

Ran Laraba da safe kowa ya fito bakin ruwa. Ana yayyafi, ana lodin barguna da kifi. Na ga matar Ruperto, maƙwabcinmu, tana ɗaura masa mayafi a wuya, ga cikinta ya tsufa. Baba ya sa ƙafa zai hau.

Ban san lokacin da muryata ta fito ba.

"Baba, mutum nawa ne a cikin jirgin yanzu?"

Ya tsaya cak.

"Faɗa musu, Baba. Wane ne ke tsaye a gabanka?"

Baba ya juyo da fuskarsa wajena, amma idonsa ya sauka a gefena, kan wata mata daban. Nan kowa ya gane.

"Da bakinki, Vina?" ya ce a hankali.

Belarmino ya matso, ya cire hularsa.

"Don Aniceto, ku ba ni tuƙin. Ku kuka koya min. Ni zan kai shi, ni zan dawo muku da shi."

Na kama hannun rigarsa. "Jirgin kudu fa?"

"Ya tafi abinsa. Ina zan je ba ke?"

Baba ya janye ƙafarsa daga jirgin. Can ya ce, "In iska na daga arewa, kada ka shiga mashigi. Ka jira ko kwana nawa ne."

"To, Baba."

Karo na farko ke nan da ya kira shi haka. Belarmino ya juyo ya riƙe fuskata da hannayensa masu sanyi.

"Kwana huɗu, rabin raina. Ki tanadi itace, za ki gasa min burodi."

Da yamma iska ta juya arewa.

Kwana tara ba ta lafa ba. Ta yaye rufin cocinmu, ta jefo matattun tsuntsaye har ƙofar gida. Baba bai ce min uffan ba. In na miƙa masa abinci sai ya lalubi kwanon ya ture. Kullum da safe yakan fita shi kaɗai da sanda, ya tsaya kan tudu yana saurare, ni kuma ina bin sa daga nesa don kada ya faɗi.

Ran na goma sha ɗaya hazo ya ɗan yaye. Na hango wani abu fari can nesa.

"Vina," in ji Baba, bai juyo ba. Ashe ya san ina bayansa duk kwanakin nan. "Zo ki duba min."

Na je na tsaya a gefensa.

"Namu ne, Baba. Ya yi ƙasa sosai don nauyin kaya."

"Mutum nawa?"

Su huɗu suka tafi. Na ƙirga. Na goge idona na sake ƙirgawa.

"Uku..."

"Wa ke tuƙi?"

Mai tuƙin gajere ne, da mayafi a wuya. Baba ya lalubo hannuna ya damƙe.

Ruperto ne ya ba mu labari a bakin ruwa, kansa a ƙasa. A hanyar dawowa sun jira kwana shida a bayan wani tsibiri kamar yadda Baba ya ce. Da iska ta sassauta suka shiga mashigi, a tsakiya ta dawo. Igiyar da ta ɗaure buhunan ta tsinke, jirgi ya fara karkata. Belarmino ya miƙa masa tuƙi ya tafi ɗaurewa. Ya ɗaure kuwa. Sai raƙumin ruwa ya hau ta kansa.

"Mun yi ta kewaya wurin, Eduvina. Wallahi mun yi ta kira..."

Buhu ashirin da biyu suka iso, ko ɗaya bai ɓace ba. A hunturun nan ba a binne yaro ko ɗaya a tsibirinmu ba.

Ni dai na kasa taɓa fulawar. Ko ƙanshin burodi na ji daga maƙwabta sai in toshe hanci. Kwana uku ina kwance fuskata a bango, ina ta cewa da na yi shiru, da yanzu yana kudu da ransa.

Ran na huɗu na ji motsi a madafa. Baba ne, ya kwaɓa gari da lalube, ya ƙone yatsu biyu a murhu. Ya zo ya zauna bakin gadona da burodin, gefe ɗaya ya ƙone, gefe ɗaya ɗanye.

"Da kin yi shiru, da mu huɗu ne a ƙasan ruwa, yaran nan kuma suna bin mu ɗaya bayan ɗaya," ya ce. "Ni ne na makara ban faɗa ba. Ki yafe min, ɗiyata."

Ya gutsura, ya lalubo tafin hannuna ya saka.

"Ci. Ke ya ɗauko wa."

Na ci ina kuka, shi ma yana yi.