Kaset ɗin Na-Barira Mai Kukuma

Da hantsi aka kai rahoton sata a Rediyon Garka. Sufeto Saifuddeen aka tura, domin iyayensa Hausawan Sudan ne, yana jin harshen.

Gidan rediyon ɗaki ɗaya ne a saman shagon wanki a unguwar Mansura, a birnin Doha. Baba Haruna, tsohon direba, shi ya kafa shi a intanet da kaset-kaset ɗin da ya tara yana yawon kasuwannin ƙauye: goge, garaya, kukuma. Yawancin masu sauraro leburorin gini ne da ke aiki a Lusail, a cikin bas, waya a kunne.

"Kwali guda aka ɗauke," in ji Baba Haruna. "Duk waƙoƙin marigayi Na-Barira mai kukuma. Ni na naɗi muryarsa a kasuwa. Babu irinsu a hannun kowa."

Sufeto ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba. Ga kwamfuta, ga makirufo, ba a taɓa su ba.

"Baba, me ka yi da waƙoƙin nan kwanan nan?"

"Na sanar cewa gobe zan sa wadda yake kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, da sunan garinsu. Shi ke nan laifina!"

"Wa ke da makulli?"

"Daga ni sai Fausiya."

Fausiya 'yar Zangon Kumasi ce, ita ke shirin gaishe-gaishe.

"Ofisa, makullina bai taɓa barin jakata ba."

"Mai wanki ya ga mutum ya sauko da kwali jiya, kowa na masallaci. Ta taga ya shiga?" in ji Sufeto.

Ta murza bakin mayafi.

"Injiniya Umar Faruq ne ya karɓa. Shi ya saya mana na'urar sanyaya ɗaki, ya ce zai kawo mai gyara ya duba. Wallahi kunya ce ta sa na ɓoye. Babban mutum fa!"

A gidansa da ke unguwar Al Gharrafa, injiniyan ya tarbi Sufeto da Baba Haruna da murmushi, ya sa aka kawo shayi.

"Makulli kam na karɓa, amma mai gyaran bai zo ba. Me zan yi da kaset? Ni ko jin kiɗan ƙauye ba na yi. Mahaifina malami ne."

"Ban tambaye ka mahaifinka ba," in ji Sufeto.

Murmushin ya gushe.

"Ina motarka?"

"Tana gareji."

"To wadda ke ƙofa cikin rana ta waye? Yalla, maza buɗe but ɗinta."

Da but ya buɗe, warin ƙonanniyar roba ya buso. Ranar Doha ta yi aikinta. Kaset-kaset sun lanƙwashe, zaren ciki ya manne da juna.

Baba Haruna ya ɗaga ɗaya, ya juya shi, ya ajiye a hankali.

"Ɗan nan, me mamacin nan ya yi maka?"

Umar Faruq ya zauna a bakin but ɗin.

"Mahaifina ne. Ni ne Ummarun da yake kira a waƙar." Ya share gumi. "Aure nake nema a gidan wani likita. Na ce musu ɗan malami ne ni. Uwar yarinyar kullum tana kama tashar nan, ta kuma san garinmu. In suka ji ɗan makaɗi ne, khalas, magana ta ƙare. Niyyata in ɓoye har a ɗaura, sai in mayar. Ban san zafi zai..."

"Kai da kake injiniya a garin nan ba ka san zafi ba?" Sufeto ya katse shi.

Baba Haruna bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji shi.

"Ranar da na naɗi waƙar nan, ubanka takalminsa ya tsinke, da ƙafa ɗaya a ƙasa ya yi wasa. Na ce ya sayi wani, ya ce a'a, Ummaru na makaranta. Da ka zo ka ce min kada in sa, wallahi da ban sa ba."

Umar Faruq ya miƙa hannu zai ɗauki kaset ɗaya.

"Bar shi," in ji Sufeto, yana sa masa ankwa. "Yanzu shaida ce, ba gadonka ba."

Ya tasa shi gaba zuwa mota.