Masu Duba Lasisin Oba-Oba

"Kowa ya kawo oba-obarsa nan!"

Ɗanburam ne ke ba da umarni da rana tsaka a kasuwar hatsi ta Girei, sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikata. Abokan fashinsa biyu, Umair da Bappa, na riƙe da bakin buhu, sun ɗaure fuska kamar a ofis aka haife su.

Tun da aka yanke layin waya saboda 'yan tayar da ƙayar baya, 'yan banga suka koma amfani da oba-oba, rediyon hannu na kiran juna. Sai ga sabuwar doka: duk mai riƙe da ita ya nemi lasisi, a kuma kulle na'urarsa kan tasha ɗaya wadda 'yan sanda ke saurare. Aka sanar cewa masu dubawa na nan tafe. Ba a faɗi rana ba, ba a faɗi kamanninsu ba. Ɗanburam rabin sanarwar ya ji, yana cin tsire a Limawa, ya yi dariya har ya ƙware.

Bobboyi, tsohon maharbi kuma shugaban 'yan bangan kasuwar, shi ya fara matsowa. Ya yi bayani cewa sun je Yola sun bi layi, an saita musu na'urorin, lasisin ne aka ce bai fito ba tukuna. Ɗanburam ya ce wannan ba damuwarsa ba ce.

"Barkama, ranka ya daɗe, mu ba ma ja da hukuma," in ji Bobboyi. Ya jefa tasa a buhu, ya sa mutanensa suka bi sahu.

Ta ƙarshe na faɗawa, Ɗanburam ya ɗaga riga ya zaro bindiga.

Tau! Tau! Kasuwa ta watse. Tebura suka kife, masara ta zube. Umair ya afka rumfar dillalai ya kwashe jakunkunan ciniki. Bobboyi ya kai hannu ƙugu inda oba-oba ke zama — wayam. Sai ya rarumi sanda. Bappa ya harbe shi a ciki, bai ko tsaya ya kalle shi ba.

Kafin su tashi, Umair da Bappa suka tsoma hannu a buhu, kowa ya zaɓi sabuwa mai sheƙi, suka watsar da tsofaffin oba-obar da suka zo da su. Ɗanburam ya jefa buhun a kujerar baya ya ja motarsa shi kaɗai. Umair ya bi shi a akori-kura da jakunkunan. Bappa na baya a keke napep yana duba hanya.

Suna dosar gadar Binuwai kwaɗayi ya motsa wa Umair. Ya murɗa maɓallin sabuwar oba-obarsa, a zatonsa ya canja tasha.

"Bappa, kana ji? In mun haye gada kar ka bi oga. Bar wawan ya tafi da buhun rediyo, mu mu yi hanyar Numan da kaya. Oba."

"Na ji. Dama na gaji da bakinsa. Oba."

Buhun da ke bayan Ɗanburam gaba ɗayansa ya ɗauki magana, murya ɗaya daga baki da yawa. A Jimeta kuma, Insfekta Zadok na cin shinkafa a teburinsa sai ya ji ɓarayi na faɗa masa hanyar da za su bi. Ya ajiye cokali, ya ce a toshe bakin gada.

Ɗanburam ya taka burki a tsakiyar gada, ya gitta motar. Ya fito. Umair na ɗaga hannu zai yi rantsuwa — harsashi ya fasa gilashi ya same shi a wuya. Bappa ya ga haka ya bar keke tana tafiya, ya haye ƙarfen gada ya dira. Ya manta rani ake ciki. Yashi ya tarar, ƙafafunsa biyu suka karye, yana kwance yana kiran innarsa har masunta suka taru suna kallo.

Ɗanburam na jan jakunkuna daga jikin gawar Umair motar 'yan sanda ta iso. Ya yar da bindiga, ya daki ƙirji, wai shi ma'aikacin gwamnati ne a bakin aiki. Zadok ya sa masa ankwa.

Bobboyi bai kai asibiti ba. Ya daɗe kwance cikin masara, 'yarsa Raliya na danne raunin da gyalenta, mutanensa na gudu da ƙafa neman mota, don babu abin da za su yi kira da shi.

Bayan sadakar bakwai 'yan banga suka je karɓar na'urorinsu. Aka ce sun zama shaida, sai an gama shari'a. Suka ce to za su sayi wasu. Wani ma'aikaci, yana sakace, ya ce sabuwar na'ura sai sabon neman izini, su koma ƙarshen layi.

Yanzu da usur suke gadin kasuwar. Ƙararsa ko bakin titi ba ta kaiwa.