Murhun Masu Rake

A zafin Jamaika, wa zai gina murhun jin ɗumi a falo in ba Turawan Sikotlan masu gonar rake ba? Da gidansu ya dawo hannunmu, kazata na sa a cikin murhun.

Wata magariba na tarar da wani dogon Bature tsugune gaban murhun, haƙoransa na kaɗawa. Ina gumi, bakinsa na fitar da tururi.

"Ke, hura wuta!"

"Sunana Icilda. Kakata ta hura wa masu gidan nan har ta mutu. Kazata na kwanci, matsa!"

Ya taɓa ƙwai ɗaya. Na fizge, na ji ya zama ƙanƙara. Ashe fatalwar ɗaya daga cikin masu raken ce.

Na ce, "Daskarar da su duka. Ba mai hura maka."