Ƙofa Ta Tara

Larai tana tankaɗe a tsakar gida, rana ta yi ja a Unguwar Mu'azu, sai dutse ya sauka a kan kwanon ɗakinta. Ta tsaya. Wani ya biyo baya, sannan wani, a hankali, kamar mai jifan ba shi da inda za shi. Tara ta ƙirga. Daga nan shiru ya danne gidan, har kaji suka shige akurki ba wanda ya kora su.

Kwana uku ke nan da korar Jethro, maƙwabcinsu na ɗaki da ɗaki, daga masaƙar da yake aiki tare da mijinta Ɗanjuma a Kudenda. A wannan shekarar ta 1987, su biyu ke kula da kwamfutar masaƙar. Larai ta sha jin bayaninta har ta haddace. Babban inji ne a ɗaki mai sanyi, da ƙananan ƙofofin cusa waya goma sha shida a bayansa, kowace da lambarta. Wayar allon kowane ma'aikaci tana da ƙofar da take shiga. Injin bai san fuska ba, bai san suna ba, lambar ƙofa kaɗai ya sani. Umarnin da ya goge tsarin rinin atamfa na shekara biyu ta ƙofa ta tara ya shiga. Ta tara kuwa ta Jethro ce.

Jethro ya yi ta rantsuwa. Ɗanjuma ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Aikin aljanu ne, ɗakin injin nan da ma ba lafiya ba."

Da magaribar kwana na huɗu, Hajara 'yar Larai da Ɗanjuma ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya. Da ta miƙe, sai ta goya hannu a baya, ta turo ciki, tana magana ta hanci irin ta manajan masaƙa, mutumin da ba ta taɓa gani ba. Celina matar Jethro ce ta taya Larai riƙe ta.

Aka ɗauko Malam Audu daga Tudun Wada. Ya zuba turare a garwashi, ya daɗe yana karatu, hayaƙi na tashi a miƙe.

"Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, Malam." Muryar tsoho ce, a gajiye. "A bayan injin nake zaune, don sanyi. Ko waya ɗaya ban taɓa ba. Ƙazafi aka yi mana, mu aljanu."

"Wa ya yi?"

Hajara ta juya kai sannu a hankali. Muryar ubanta ce ta fito, har da ɗan tarin da yake yi in zai yi ƙarya: "Bari in gwada ta ƙofar Jethro, in ta ɓaci ba ni ba ne." Sai muryar tsohon ta dawo. "Ya zare wayar abokinsa, ya cusa tasa, ya yi ɓarna, ya mayar. Sannan ya ɗora mana."

Larai ta dubi mijinta. Shi ƙasa yake kallo.

Malam Audu ya ce, "Me kake so ka fita? Zakara? Turare?"

"Me zan yi da zakara? Mai laifin dai ya faɗa da bakinsa, a nan, gobe kuma a ofis."

Hajara tana numfashi da ƙyar, wuyanta ya sandare.

"Baban Hajara," in ji Larai, muryarta ba ta tashi ba, "'yarka ce a kwance."

"Ni ne," ya ce. "Ni na yi."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta nemi ruwa da muryarta. Celina ta kwantar da kan yarinyar a cinyar Larai, ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ba ta dubi kowa ba.

Jethro yana tsaye a bakin ƙofarsa tun farko. Ya daɗe yana kallon Ɗanjuma.

"Ranar da ka fara aiki," ya ce, "ni na kama hannunka na nuna maka inda kowace waya ke shiga."