Sakatar da Ta Cije

"Yaya, don Allah ka daina murɗawa, za ka karya makullin!"

Ƙaras! Kafin in rufe baki ya karye.

Na daki ƙofar da tafin hannu, hawayen takaici na zubo min. Awa biyu ke nan ni da Umma muna kulle a falo, Yaya na fama da ƙofar ta waje, ga shi ƙarfe sha ɗaya likita zai duba mata ido.

Duk aikin Injiniya ne, abokin Yaya, wanda ya daɗe yana min kallon da ban so. Shi ya hure wa Yaya kunne a kan Gwani, mai gyaran makullan da nake so kamar raina.

"Mutumin da kowace ƙofa ke buɗe masa, ai ɓarawo ne da lasisi," in ji shi.

Yaya ya hau ya zauna. Ya kori Gwani, ya sa Injiniya ya ɗaura mana sabon makulli mai sakata. Yau sakatar ta cije, Injiniya ya ɗura mata man girki, ya buga da guduma, sannan ya tuna wai yana da taro.

"Kira yaron nan," Umma ta ce.

Ban jira ta maimaita ba, na kira Gwani.

Minti goma sai ga ƙarar babur ɗinsa. Wata biyu rabona da muryarsa!

"Ƙanwata, kina lafiya? Umma fa?" Gwani ya tambaya daga waje.

"Lafiya ƙalau. Buɗe mana, don Allah!"

Ban ji ya taɓa ƙofar ba.

"Gwani?"

"Ba na taɓa ƙofar da mai gida bai ce in taɓa ba. Haka ubangidana ya koya min."

Wayyo ni! Ga wanda ya iya ya naɗe hannu, ga Yaya girman kai ya hana shi magana, ni kuma ina tsakani kamar gyaɗa a turmi.

"Ku biyun nan kun ishe ni!" na ɗaga murya. "Yaya, idon Umma ne fa! Kai kuma Gwani, yau ce ranar nuna min ƙa'ida?"

"Ki yi haƙuri, rabin raina. A bakin ƙofar nan aka ce min ɓarawo. In na buɗe ba izini, na gaskata su."

Umma ta matso, ta yi magana a hankali.

"Babban yaya, ina jiranka."

Na ji Yaya ya ja dogon numfashi.

"To... buɗe."

Sai da Gwani ya zaro guntun makullin da ɗan siririn ƙarfe, sannan ya ce, "Matsalar ba a makullin take ba. Ƙofar ce ta sauka, sakatar ta ciji ƙarfen da take shiga. Yaya, kama hannun ƙofar ka ɗaga sama. Ƙanwata, ke kuma murɗa ta ciki."

Yaya ya ɗaga yana nishi. Na murɗa.

Sulluɓ! Ta koma kamar ba ita ba.

Ƙofar ta buɗe, idona ya faɗa cikin na Gwani. Ya rame. Ni ma na san na rame.

Ya durƙusa ya ɗaure kusoshin ƙofar da suka saki, ya goge ramin sakatar da magagari, ya wanke man girkin tas.

"Wa ya zuba mai a nan?" Umma ta tambaya, tana hararar Yaya.

"Kowa na iya yin kuskuren nan, Umma," Gwani ya ce, kansa a ƙasa.

Yaya ya daɗe yana kallonsa, ni kuma ina kallon Yaya.

Gwani ya tattara kayansa ya juya zai tafi.

"Kai," Yaya ya kira shi, yana goge hannu a wando. "Zan kai Umma asibiti. In na dawo... ka ce wa mahaifinka ina son ganinsa."

Ban san lokacin da na rungume Yaya ina kuka ba.

"Cika ni, sarkin rigima," ya ce. "Je ki ɗebo wa surukina ruwa."