Mai Riƙon Bakin Bargo

Ranar da Auta ta fara shiga shagon Mai Guga, ba fuskarta ya fara kallo ba, yatsunta ya kalla. Kowane yatsa da filastarsa, babu wanda aka bari a baya.

Ta ajiye dogon zirin farin yadi a kan teburinsa. "A ninka shi gida biyu, a goge min shi ya kwanta sosai. Kalmasar bakin bargo za a yi da shi."

"An gama," in ji shi. "Amma 'yanmata, da wa kika yi dambe haka?"

"Da fil," ta ce, tana ɓoye hannun a bayanta.

Ita da Innarta barguna suke ɗinkawa da hannu, irin waɗanda ake harhaɗa ƙyallaye a shimfiɗa auduga a tsakiya. Aikin ƙarshe shi ne baki: a lanƙwasa zirin yadi ya rufe gefen bargon, a bi shi da allura. To shi zirin nan ba ya zama wuri ɗaya sai an kafe shi da fil, fil kuwa bai san na gida ba.

Mai Guga ya saurara har ta gama. Sai ya miƙa hannu kan igiyar shanya, ya ciro 'yan itatuwan da yake matse kaya da su, ya zuba mata a leda.

"Gwada waɗannan. Suna riƙo, amma ba sa cizo."

Ta gwada, suka yi. A sati guda filasta ta bar hannunta, wani abu kuma ya shiga zuciyarta wanda filasta ba ta maganinsa. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Allurata, yaya yatsuna? Na ce yatsuna, don na riga na sa rai."

Ta amsa: "Suna gaishe ka, Ɗan Guga. Amma ka bi a hankali, garaje ba ya kai mutum gida."

Inna ce ba ta yi murna ba. Ta ɗaga ɗaya daga cikin itatuwan ta juya shi, ta taɓe baki.

"Bargo ne ko wankin jarirai? Ubanki, Allah ya jiƙansa, shi yake riƙe min baki da hannunsa. Ba ya ja, ba ya saki, taƙi ɗaya yake gaban allurata har mu zagaye. Tun da ya tafi na haƙura da fil. Shi kuwa wannan yaro sauƙi yake nema, mai neman sauƙi a aiki kuwa zai neme shi a aure."

Inna tana da nata ɗan takarar, wato Mai Labule, ɗan ƙawarta, mai shago cike da kekunan ɗinki, wanda turarensa yake riga shi sallama. Auta dai gaisuwa kawai take haɗa su.

Ana cikin haka aka zo kan babban bargo, wanda Inna ta daɗe tana haɗawa da tsofaffin rigunan Baba, don ranar da za a kai Auta ɗakinta. Itatuwan Auta ba su isa ba, ta aika a ƙaro mata. Mai Guga, don ɗoki, ya kwaso su kai tsaye daga kan fararen kayan da ya sa wa bula, da damshinsu. Auta ta jera su a bakin bargon ta tafi girki. Da ta dawo ta cire, farin zirin nan ya yi ɗige-ɗigen shuɗi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta sa almakashi ta farke zirin, ta tattara itatuwan ta ajiye a bakin ƙofa.

"Kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta rubuta masa abin da ya faru, ya amso da gajeren saƙo: "Laifina ne. Ki yafe min, ki ba ni lokaci." Daga nan shiru. Shirun bai ishe ta ba, sai ta fara ganin kekensa jingine a ƙofar gidan Gwaggo, yayar Babanta, kusan kullum bayan la'asar. Gwaggo kuwa tana da 'ya budurwa, fara mai fara'a. Auta ta haɗa lissafinta ta rubuta:

"Na ga kekenka. Allah ya sanya alheri, ka gaishe ta."

"Allurata, ba abin da kike zato ba ne. Rubutu yana ba ni wuya yanzu, zan yi miki bayani."

Ta kife wayar. Wato har rubuta mata saƙo ya zama wahala.

A ranakun nan Mai Labule ya zo gaishe da Inna, ya tarar da bargon shimfiɗe ba baki. "Haba Inna, ki ba ni shi a bi da keke, kafin ki sha ruwa an gama."

"Keke ba zai taɓa rigunan maigidana ba. Zauna ka riƙe min nan in gwada."

Ya zauna, ya damƙe ɗan ƙyallen da ta miƙa masa don gwaji, ya ja shi har ya tattare. Inna ta ce ya sassauta, ya sake shi gaba ɗaya. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe yana amsawa, ya fita bai dawo ba. Inna ta bi ƙofa da kallo.

Washegari da hantsi Gwaggo ta yi sallama, Mai Guga na biye da ita, kansa a ƙasa. Auta ta leƙo ta tagar ɗaki. Yana riƙe da sabon zirin farin yadi, a goge, a naɗe. Yatsunsa kuwa kowanne da filastarsa.

"Kin ga yaron nan?" in ji Gwaggo, tana duban Inna. "Ya hana ni sakat. Wai sai na koya masa riƙon baki irin na ƙanena. Na soke shi har na ji tausayin allurar."

Auta ta rufe baki da hannu, kunya da daɗi suka taru suka rufe ta.

Ya durƙusa can nesa. "Inna, ni na ɓata, ina roƙon a bar ni in gyara. Ban zo da itace ko ɗaya ba."

Inna ta dube shi. Sannan ta jawo bargon kan cinyarta, ta zura zare. "Matso."

Ya matso, ya lanƙwasa zirin, ya dafe shi taƙi ɗaya gaban allurarta. Ta yi sauri, ya yi sauri. Ta rage, ya rage. Da suka kai kusurwa, inda yadi yake gardama, ya ninka shi da babban yatsa ya jira ta, ninkin ya kwanta lif. Inna ta ɗan tsaya, don a nan ne Baba yake jiranta.

A gefe na uku idonta ya cika da ƙwalla, allura ta kauce ta shige gefen yatsansa inda babu filasta. Auta ta ga kafaɗarsa ta motsa. Bai saki ba. Ya dai karkatar da yatsan waje don kada jini ya taɓa farin yadin, ya maye gurbinsa da na kusa, ya ce a hankali, "Ci gaba, Inna, ina riƙe."

Ta ci gaba har suka zagaye. Ta ƙulla zaren, ta cije shi, ta shafa bakin bargon daga farko har ƙarshe. Ko tattara ɗaya babu.

"Auta," ta kira. "Fito daga bayan tagar nan, na san kina ciki. Kawo wa yaron nan filasta." Ta juya gare shi. "Kai kuma, ka ce wa manyanka ina jiransu."

Gwaggo ta ce, "Alhamdulillahi, allurata ta huta."

Kafin ya kai shago saƙon Auta ya riga shi: "Ɗan Gugana, na yi maka mummunan zato. Yaya yatsuna?"

"Sun warke tun da kika tambaya, Allurata."

An yi biki, gida ya cika ya batse, har Mai Labule ya aiko da labulen ɗaki, don ba mugun mutum ba ne, haƙuri ne dai bai gada ba. Inna da kanta ta shimfiɗa bargon a gadon amarya, ta dafa kawunansu biyu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Ku riƙe juna yadda kuka ga an riƙe wannan, kada a ja, kada a saki."

Suka ce amin, Auta na share hawaye. Inna ta kai bakin ƙofa, sai ta waiwayo ta ɗan gyara murya.

"Kai, ɗana. Tunda ka ɗauke min mai taya ni aiki, gobe ka aiko min da 'yan itatuwan nan naka. Amma ka wanke su tukuna."